Zobban Haske da Motar Kasha

Ina jin abin da kuke faɗa idan na ba da baya, don kunnena bai tsufa ba tukuna. Wai aikin Ustaza Rakiya ai hutu ne, a zauna a ɗaki mai inuwa, a danna makunni, jan haske ya fito, a jira ƙarshen wata. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, abin da muke kira ma'amal a nan Gadarif, kuma ina wannan aiki a sashen fiziya, wato fiziks, na kulliyar malamai tun gashina yana baƙi. Tunda yau an ɗauke wuta, babu abin da za mu kunna, ku gyara zama ku ji yadda aikin yake a zamanin da ba a sayen leza a kasuwa kamar tocila.

Na'urar da ta fi cin raina ita ce wadda muke ce wa mai madubi biyu. Ga ta can a rufe da zane, kun sha wuce ta. Bututun leza yana fitar da jan haske siriri, wani gilashi ya raba shi gida biyu, kowane kashi ya je ya bugi madubinsa ya dawo, su sake haɗuwa a kan farar takarda. A wurin haɗuwar sai ka ga zobba, ja da baƙi, wani cikin wani, kamar an yanka albasa ta tsakiya. Idan hanyar kashi ɗaya ta ƙaru da abin da ido ba zai taɓa gani ba, sai sabon zobe ya ɓullo daga tsakiya ya tura sauran waje. Aikin ɗalibi shi ne ya ƙirga su suna fitowa, daga nan ya yi lissafinsa. Da baki abin ba wuya. Wuyar ita ce na'urar da ke jin motsin da bai kai kaurin gashi ba, tana jin komai na garin nan, kuma ba ta san wanda ake so ta ji da wanda ake so ta ƙyale ba.

Aikin farko da aka ba ni a Hartum, inda na koyi sana'ar, shi ne zama. Maigidana a ma'amal wani dattijo ne, Ammu Bushara, mai ƙaramin jiki da faɗan tsiya. Ya kunna bututun, ya ajiye mini kujera, ya ce in zuba ido kada in taɓa komai, ya tafi shan shayi. Na zauna ina ƙunƙuni a zuci, ina cewa ni da na zo koyon ilimi an mai da ni mai gadi. Sai da na yi kwanaki a haka na gane zobban ba rawa ɗaya suke yi ba. Da an kunna, sukan ɓace su dawo, su ɓace su dawo, har bututun ya gama ɗaukar zafi, wannan maganinsa jira ne kawai. Akwai karkarwa mai sauri wadda ke sa zobe ya yi dishi-dishi, ita daga ƙasa take zuwa, ko mota, ko janareta, ko wani mai nauyin ƙafa a baranda. Wadda ta fi ban haushi kuwa lilo ce, a hankali zobban su karkata hagu su dawo dama, wannan iska ce ko ɗumin jikin mutum. Ammu Bushara ya taɓa korar wani babban malami daga ɗakin don ya shigo da kofin shayi mai tururi, kuma malamin ya fita da kofinsa, shi ma ya san gaskiya. Abu na biyu da ya koya mini shi ne fuskar madubin nan ba a taɓa ta. Ba irin madubin ɗaki ba ne, azurfarsa a sama take, gefen mayafi ya shafe ta sau ɗaya an gama da ita.

Da na dawo gida Gadarif na tarar ma'amal ɗin a ƙarshen kulliya yake, bangonsa na baya shi ne katangar makaranta, bayan katangar kuma hanyar kasuwar hatsi. Ga ƙasarmu baƙa, da damina ta kumbura, da rani ta dare har akuya ta karya ƙafa a tsaga, daɓen ɗakin yana binta duk inda ta nufa. Ko abin goge gilashi sai da na sha wuya a kansa. Sibirto muke amfani da shi, to a zamanin nan duk abin da ke warin barasa abin tuhuma ne. Sai na rubuta takarda, shugaban sashe ya sa hannu, a kai wani ofis, a kalle ni sama da ƙasa a tambaye ni me mace za ta yi da kwalbar sibirto. In na samu 'yar kwalba ɗaya, ɗigo-ɗigo nake amfani da ita.

Masu zuwa wurina kuma ba ɗalibai kaɗai ba ne. Labari ya bazu a kasuwa cewa akwai wata Bahaushiya a kulliya mai jan haske. Wani dillalin riɗi ya kawo mini zoben matarsa in haska in gaya masa ko zinariya ce. Wata tsohuwa ta zo daga nesa a kan in haska mata gwiwa, na yi bayani har bakina ya bushe, ta ce ai rowa ce kawai irin ta 'yan boko. Masu sikeli kam na taimake su da gaske, don muna da duwatsun awo na ƙwarai, kuma har yau in na shiga kasuwa ba a barina in fita hannu rabbana.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda yaƙin Kudancin Sudan ya yi zafi, aka shiga kamen samari, abin da ake kira kasha. Motar soja za ta tsaya a bakin kasuwa ko tasha, duk saurayin da ba shi da katin makaranta ko takardar gama hidimar ƙasa, sai ya hau baya. Daga nan sansani, daga sansani sai inda Allah ya kai shi. Wanda ya gama kulliya shi ma yana yin hidima, amma galibi a aji yake yin ta, da alli a hannu. Wanda aka kora kuwa katinsa ya mutu, ya zama naman motar kasha. A shekarar nan nake da ɗalibi mai suna Idrisu, ɗan garin Showak, dogo, mai sanyin magana. Maimaita shekarar ƙarshe yake yi, saboda ya tafi yankan riɗi a gonakin haya don ya ciyar da gida, jarrabawa ta wuce shi. Doka ba ta ba da dama ta uku ba. Wansa an ɗauke shi a tashar Showak shekarar da ta gabata, kuma tun wasiƙa ta fari ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kowa a sashen ya san haka, ba mai ɗaga maganar.

Aikin kammalawa da malaminsa Dakta Usman ya ba shi a kan mai madubi biyu ne. Ana sa wani ɗan bututun gilashi a hanyar kashi ɗaya na hasken, a zuƙe iskar cikinsa da famfon hannu, sannan a buɗe 'yar kafa iskar ta koma a hankali. Tana komawa zobba suna fitowa da kansu, ɗaya bayan ɗaya, ba su jiran kowa. In ido ya kuskure ɗaya, ko suka yi dishi-dishi na ɗan lokaci, an yi asara, sai a koma ga famfo. Kuma ba sau ɗaya ake so ba, sai an maimaita lissafin ya riƙa zuwa daidai, sannan a ƙarshe a yi shi a gaban mai jarrabawa da zai zo daga Hartum. Dakta Usman ya zaɓa masa wannan ne don ya san yaron yana da natsuwa. Abin da bai lissafa ba shi ne aikin zai faɗo a tsakiyar kaka, lokacin da motocin riɗi da dawa ke bin bayan katangarmu tun safe har yamma.

Ranar da muka fara kunnawa, ko zobe ɗaya ba mu gani sosai ba, wani jan hazo ne kawai yake ɓari a kan takarda. Muka kashe fanka, gumi ya fara aikinsa. Na je na roƙi mai janareta ya matsar da shi bayan masallaci, ya yi mita ya matsar. Saura motoci, su kuwa ba mai hana su. Dakta Usman ne ya ce mu nemo tif na tayar babbar mota, mu hura shi rabi, mu ɗora faffaɗan dutse a kai, na'urar ta hau dutsen. Ni kuma na ƙara da buhunan riɗi a ƙarƙashi, wani mai sikeli ya ara mini, don riɗi yana shanye motsi fiye da yashin da muke da shi. Karkarwa ta ragu ƙwarai. In mota mai nauyi ta zo wucewa zobban sukan girgiza kaɗan su dawo, ido yana iya riƙe su. Har na fara cewa mun huta, ashe an gudu ne ba a tsira ba.

Lilo ya ƙi tafiya, kuma dukanmu mun san daga inda yake. Ƙofa ce. A kulliya akwai wani jami'i mai kula da tarbiyya, ba sai na faɗi sunansa ba, ya rasu, Allah ya jiƙansa. Dokarsa ita ce namiji da mace ba sa zama a ɗaki rufe, balle ɗaki mai duhu. Shi da kansa ya kawo tubali ya tokare ƙofar ma'amal, yana kuma zagayowa ya duba ko an taɓa. Ni na kusa haifar Idrisu, amma tubali bai san shekaru ba. Ta wannan kafa iskar baranda take shigowa, mai zafi, ta bi ta kan madubai. Na yanka kwalin sabulu na rufe na'urar, lilon ya ragu, sai dai bututunmu ya tsufa, haskensa ya yi rauni, hasken ƙofa kaɗai ya isa ya wanke zobban daga takarda. Sabon bututu kuwa ko a mafarki, ƙasar tana cikin takunkumi, wanda ke hannunmu ma lallaɓa shi muke yi. Na ce a bari in rataya labule, jami'in ya ce labule ai ya fi rufe ƙofa muni. Dakta Usman yana koyarwa a garuruwa uku, ba ya iya zama da mu. Na kawo wata ɗaliba ta zauna, aka ce ba ta isa ba, sai mijina ko dangin ɗayanmu na jini. Mijina kuma yana can gonaki da tarakta, sai bayan kaka.

Kwanaki suna tafiya, takardar Idrisu fara fat. Na fara jin tsoro. Kullum da safe in na ji ƙarar babbar mota sai in kasa kunne, ban san ko ta riɗi ba ce ko ta soja. Shi kuwa na lura ya daina zuwa kasuwa ko da katinsa, kuma yana taɓa aljihun rigarsa a kai a kai don ya tabbata katin yana nan.

A ƙarshe ya tafi Showak ya zo da mahaifiyarsa. Inna Kande sunanta, gajeriyar mace mai ƙarfin hannu, tana sayar da godogodo a tashar motoci, wato furar gero da nono irin tamu ta nan. Ta rufe sana'arta ta biyo shi, ta sauka a gidana. Jami'in ya dube ta, ya ɗauke tubalinsa da kansa. Ranar farko kam na ga ta kaina. Ta shigo da mafici, na karɓe. Ta fito da kaskon turare wai a kori baki daga aikin Auta, haka take kiran Idrisu, na ce Inna hayaƙi in ya hau madubin nan an gama. Ta zauna a tabarma ta jingina da ƙafar tebur tana jan carbi, zobba suka shiga rawa da kowace ƙwaya. Na matsar da ita lungu, na ce kada ta yi magana, kada ta yi fifita, in tari ya zo ta haɗiye. Ta kalle ni ta ce ko a gidan makoki ba a yi mata wannan sharaɗi ba. Amma daga ranar ba ta sake motsi ba. Matar da ta saba da hayaniyar tasha ta riƙa zama a ɗaki mai duhu da zafi kamar an dasa ta, ba ta san me ake ƙirgawa ba, ta dai san abin da zai faru in ba a ƙirga ba. Idan mun fito sai ta tambaye ni a hankali ko sun tsaya yau. Lissafin Idrisu ya fara zuwa daidai, ya cika takardunsa, Dakta Usman ya duba ya ce kwayyis, wato ya yi kyau.

Ranar jarrabawa na zo da sassafe na kunna bututu don ya ɗau zafi. Inna Kande ba ta da wurin zama a ciki ranar, tunda ga maza manya biyu za su shiga. Ta dama godogodo babbar tukunya, ta ce sadaka ce za ta raba wa ɗalibai in an fito lafiya, ta zauna da ita a bakin ƙofar kulliya wajen mai gadi. Mai jarrabawa ya iso da hantsi, dattijo mai farin gemu, ya faɗa tun farko cewa motar azahar zai bi ya koma, don gobe yana da wata kulliyar. Muka rufe ƙofa, muka jira iska ta kwanta. Zobba suka fito tsaf, ban taɓa ganinsu da kyau haka ba. Idrisu ya kama famfo.

Yana cikin zuƙar iska muka ji mota ta taho. Na ce a raina bari ta wuce. Ba ta wuce ba. Ta zo daidai bayan bangonmu, inda inuwar wata bishiyar darbejiya take, ta tsaya, injin yana ci. Kwanon rufi ya ɗauki kuka, tagar katako ta shiga kaɗawa, zobban suka narke suka koma hazo. Tif da riɗi suna iya wa motar da ke wucewa, ba sa iya wa wadda ta jingina da bango. Muka jira. Mai jarrabawa ya duba agogo. Mutumin kirki ne kuma ya san aikin, ya ce ya yarda na'urar lafiya take, ya karanta takardun kuma sun yi kyau, amma ba zai sa hannu a kan abin da idonsa bai gani ba. Dakta Usman ya ce mini in leƙa in roƙi direban ya ɗan matsa gaba. Dukanmu mun ɗauka motar riɗi ce.

Da na zagaya bayan katanga na ga launin motar, sai na gane ta. Motar kasha ce. Sun zaɓi inuwar ne suna tare masu dawowa daga kasuwa, kuma a baya akwai samari da aka riga aka kama, suna zaune a ƙasa, wani da ledar cefane a hannu. Na gyara mayafi na gaida shugabansu, wani shawish, wato saje, mai ƙiba, na ce ana jarrabawa a ɗakin nan, ko za a taimaka a kashe injin na ɗan lokaci. Bai yi mini tsawa ba. Ya ce ma'alesh, a yi haƙuri ya Ustaza, batirin motar ya mutu, in aka kashe ba ta tashi sai da turi, inuwa kuma babu wata a duk layin. Sannan ya tambaye ni, yana murmushi, ko ɗaliban namu duk katinsu da rai. Na ce da rai, na juya.

A bakin ƙofa Inna Kande ta tare ni, don ta ga fuskata. Na gaya mata komai a gajarce. Ta dubi wajen motar. Ita ta san irin motar nan fiye da ni.

"Ƙarar ce kawai ta hana?" ta tambaya.

Na ce ita ce kawai.

"To koma ciki, Ustaza. Ki ce wa Auta ya shirya."

Ta ɗora tukunyar a ka, ta ɗebi ludaya da ƙore, ta nufi darbejiyar. Ban iya komawa ba, na laɓe a kusurwar katanga ina kallo. Lokacin fatur ne, karin kumallon hantsi da kuka sani, wanda a ƙasar nan ko minista ajiye alƙalami yake yi saboda shi, kuma ba ɗan Sudan da za a ce masa bismilla ya wuce. Ta sauke tukunyar a gindin bishiyar, daidai inda hayaƙin motar ke fita, ta buɗe, ta shiga zubawa a ƙore ba tare da ta tambayi kowa ba.

"Tafaddalu, ya awladi, bismilla 'ya'yana," ta ce, "sadaka ce, da sanyinta. Amma wannan hayaƙi naku zai ɓata mini nono. Ni ban taɓa ciyar da baƙo a bakin salansa ba."

Direban ya ce ya Hajja, batir ne. Shawish ya dubi ƙwaryar, ya dubi rana, ya juya ya dubi bayan motar. Ya ce wa direban ya kashe, ai ga masu turi nan an tara. Injin ya yi tari ya mutu.

Ƙafata tana son gudu, sana'a ta hana, don gudu a baranda girgiza daɓe yake yi. Na tafi a sannu, na buɗe ƙofa kaɗan na shige, na rufe. Sai kuma jiran iskar da na shigo da ita ta kwanta, wannan jira ya fi mini duk na Ammu Bushara tsawo. Ban gaya wa kowa motar wa ce ba, amma muryoyin sojojin suna shigowa ta taga, da dariyarsu, da ƙarar bindiga da aka jingina da bangonmu. Idrisu ya ji. Ya kuma ji muryar uwarsa tana cewa a ƙara, akwai saura. Na ga gumi yana ɗiga daga haɓarsa, na tsorata kada hannunsa ya ɓata mana abin da motar ta bari. Ya goge tafinsa a riga, ya buɗe kafar iska, ya janye hannu, ya fara ƙirga a hankali.

Na farko ya tafi lafiya. Mai jarrabawa yana ƙirgawa a zuci, ya gyaɗa kai, ya ce a sake. Famfo kuma ba ya sauri, sai an yi ta ja. Na biyu ya zo daidai da na farko. Dattijon ya ce sau ɗaya kuma ya wadatar. Ni kunnena ba ya ɗakin, yana bayan bango. Na saba da tukunya, na san ƙarar ludayi in yana nitsewa cikin fura, na san ƙararsa in ya fara kankarar gindi. Idrisu yana tsakiyar ƙirga na uku na ji an fara kankara. Na ji wani ya yi hamdala da ƙarfi. Na ji Inna Kande tana jan zance, tana tambayar shawish ɗin garinsu, tana cewa a jira ta kawo ruwan wanke hannu, ai ba a tashi da hannu haka. Zobban suna ta fitowa a natse, ba ruwansu. Sannu a hankali suka rage gudu, na ƙarshe ya ɓullo rabi ya tsaya. Idrisu ya faɗi adadin. Mai jarrabawa ya ce mabruk, wato barka, ya zaro alƙalami.

Ban tsaya gaisuwa ba, na fita na zagaya. An sauko da samarin daga bayan motar, soja biyu suna tsaye a kansu da bindiga, an jera su suna turawa. Suka tura ta har ta kama, ta yi aman baƙin hayaƙi, sannan aka ce su hau, suka hau ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye har ta sha kwana.

Inna Kande tana durƙushe tana haɗa ƙorenta. Mai gadi ya gaya mini daga baya cewa sai da ta matsa aka bar ta ta miƙa wa samarin ƙwarya guda, suka sha suna miƙa wa juna. Na ce mata Inna, Auta ya ci, an sa hannu. Ta ce alhamdulillahi, ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ɗauraye ludayin da ta riga ta ɗauraye.

"Ustaza," ta ce, "ina ne unguwar da ke bayan babban rumbun gwamnati? Akwai wata Batul mai wanki a can."

Na ce na san unguwar, lafiya?

"Wani ƙarami a cikinsu, mai ledar cefane. Da na karɓi ƙwarya ya raɗa mini. Ya ce aikensa ta yi kasuwa, tana can tana jiransa ta ɗora tukunya." Ta buɗe gefen mayafinta, sai ga ledar, tumatir da albasa da ɗan ƙullin gishiri. "Ni da aka ɗauki nawa, ba wanda ya zo ya gaya mini. Sai da na yi kwana da kwanaki ina bin asibitoci."

Na koma na kashe bututu, na rufe na'urar, na kulle ma'amal. Idrisu yana baranda abokansa sun kewaye shi, yana neman uwarsa da ido, na ce masa ya jira mu a gida. Na ɗauki tukunyar, ita ta riƙe ledar, muka bi hanyar rumbun da rana tsaka. Har muka isa unguwar ba mu gama shawarar wadda za ta fara yin sallama ba.